Takardar Haraji Daga Hannun Surukina

Shekarar farko da muka yi a Gadarif bayan mun baro Madani, aiki uku na yi, kuma babu wanda ya kai ni wata biyar. Da can malamin lissafi ne ni a makarantar sakandare. Da yaƙi ya iso mana, na kwashi matata da 'ya'yanmu uku muka sauka gidan mahaifinta, wani dattijo mai cinikin riɗi da dawa a babbar kasuwar hatsi. Ya ba mu ɗaki ɗaya da rumfa a tsakar gida, bai taɓa tambayar yaushe za mu tashi ba.

Aikin farko a garin Fau na same shi, wata uku ina rubuta wa wata ƙungiyar agaji sunayen masu gudun hijira irina. Da kwangilar ta ƙare na koma wani kamfanin tace riɗi, wata biyu ina zaune bakin ma'auni, ƙura na shiga min har cikin kunne. Su ma da aikin kaka ya ƙare suka sallame mu. Na yi makonni ina zaga gari da takarduna a leda, sai surukina ya aiko a ce in zo in riƙa rubuta buhunan da ke shiga sitonsa da masu fita. Aikowa ya yi, don ni da shi ba ma magana. Ba faɗa muka yi ba, kunya ce irin wadda muka tarar iyayenmu na yi. In na hango shi sai in durƙusa in gaishe shi idona a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, a haka muke. Ko a siton, akawunsa ne tsakaninmu. Ƙarshen wata akawun ya miƙo min ambulan, in sa a aljihu, ban taɓa tambayar yadda aka yanke albashin ba.

Wata ranar hantsi, a wurin mai shayi, na haɗu da wani da muka yi aiki tare a Fau. Ya ce, "Ustaz, kai da kake malamin hisabi, ka bar musu daribarka?" Haraji yake nufi. Ya bayyana min cewa kowane wurin aiki yana yankar harajin ne kamar za ka shekara a wurinsu kana karɓar wannan albashi. Wanda ya yi 'yan watanni nan da can, da zaman banza a tsakani, an yanka masa fiye da abin da ya hau kansa, kuma yana iya neman a mayar masa. Na ari biro na yi lissafin a bayan kwalin shayi. Abin da ya fito zai iya kama mana hayar ɗaki biyu na 'yan watanni. Na ji kunyar kaina ƙwarai, ni da na shekara da shekaru ina dukan allo a kan kaso cikin ɗari.

A ofishin haraji wata mata na tarar, mai tabarau, mai magana a hankali. Ta duba lissafina ta ce daidai ne, amma lissafina ba hujja ba ne. Sai na kawo takardar shaida mai hatimi daga kowane wurin da na yi aiki a shekarar, a nuna abin da aka biya ni da abin da aka yanka. Ta ɗaga yatsu uku ta ce, "Duka ukun, ya ustaz. In babu ɗaya, fayil ɗinka ba ya motsi."

Ƙungiyar ta turo min tata ta waya cikin kwana biyu. Kamfanin riɗi sai da na yi sawu uku, mai hatimi kullum ya fita. Saura ta surukina, wanda katanga ɗaya ce tsakanin shimfiɗata da tasa, ita ce ta gagare ni.

Akawun ya ce shi ba ya buga hatimi sai da izinin Alhaji, wato surukina, kuma ba zai kai maganar gida ba. To, na bi hanyar da muka saba. Na gaya wa matata ina son takardar abin da aka yanka min. Ita ma ba ta iya tunkarar mahaifinta da batun mijinta, sai ta gaya wa mahaifiyarta, ta ƙara da cewa in kuɗin sun fito za mu kama haya mu rage musu nauyi. Tsohuwar kuma ta kai masa bayan sallar la'asar. Daga baya na ji yadda saƙon ya isa: mijin 'yarka yana so a rubuta masa abin da ake yanka daga albashinsa, zai kai wa hukuma, kuma za su tashi daga gidan. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Amma ni kaina da wani zai kawo min wannan magana, na san yadda zan ɗauke ta.

Washegari na gaishe shi, ya amsa da kalma ɗaya. Kwana biyu bayan nan akawun ya miƙo min ambulan alhali wata bai ƙare ba, ya ce, "Alhaji ya ce ka huta tukuna." Na koma gida raina a ɓace, na huce a kan matata, na ce waye ya aike ta da zancen haya. Ba ta ɗaga murya ba, tana tsintar shinkafa ta ce, "Baban yara, bakinka ne ke ciwo? Babana ne, ba kura ba. Je ka faɗa masa da kanka." Na san ta fi ni gaskiya. Kuɗin a lokacin sun fita daga raina. Abin da ke cina shi ne mutumin da ya buɗe mana ƙofarsa yana zaune yana ganin na ɗauke shi macuci.

Da safe na tafi siton. Yana kan tabarma a bakin ƙofa, ana sauke buhunan dawa daga mota. Na cire takalmi na durƙusa, wannan karon ban tashi bayan gaisuwa ba. Na ce, "Baba, ina da magana in kun ba ni izini." Ya ce in zauna. Na yi bayani tun daga mai shayi har matar ofis da yatsunta uku, ina kallon saƙar tabarma. Na ce gwamnati nake bi, ba shi ba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam, ashe kana da baki." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "An ce min za ka kai ni gaban hukuma. Na ce halas, shi ke nan, ƙila na yi wa yaron nan abin da ban sani ba. Kwana uku abinci ba ya shiga min." Ya kira akawun ya ce a rubuta min abin da nake so, a buga hatimi.

Ina tsaye a rana na karanta takardar. Albashin da aka rubuta shi ne daidai abin da nake tararwa a ambulan kowane wata. Ba a taɓa yankar min ko fam ɗaya ba. An biya harajin da sunana, wata huɗu cif, amma daga aljihunsa. Akawun ya ce tun ranar farko Alhaji ya hana a taɓa kuɗina, ya kuma hana a gaya min. Wannan mutumin ne na aika wa a rubuto min abin da ya yanka. Na jingina da buhu na sake karanta takardar.

Fayil ɗin ya yi wata biyar kafin kuɗin su fito. Kafin nan farashi ya tashi ya bar su a baya, hayar da na lissafa ta zama mafarki, muka ci gaba da zama a ɗakinmu da rumfarmu. Na zauna na ware abin da ya dawo daga harajin wata huɗun nan, wannan karon na yi lissafin da kyau. Na sa a ambulan na kai masa da hannuna, ban aiki kowa ba.

Na tabbata zai ture hannuna ya ce in saya wa yara takalma. Har na shirya abin da zan ce in ya ƙi. Ya kalli ambulan, ya kalle ni, sai ya miƙo hannu biyu ya karɓa. Ya buɗe, ya ƙirga a gabana a tsanake kamar yadda yake wa abokan cinikinsa, ya sa a aljihun jallabiyarsa ya ce, "Tamam. Allah ya yi albarka."

Na fito na bi layin masu riɗi ina share fuska da hannun riga, mutane na tsammanin ƙura ce. Tun ranar da muka baro Madani ni ake miƙo wa, abinci, tabarma, aiki, har tufafin 'ya'yana. Ran nan ne karo na farko da na miƙa wa wani abu, ya kuma karɓa.