Igiyar Bakin Kasuwa

A shekarar da labarin masu garkuwa da mutane ya cika wayoyinmu, garinmu ma ya kafa 'yan sintiri. Ba a taɓa ɗauke kowa a wajenmu ba, amma kullum sai ka ji an ce an shiga wani gari can yamma, har tsoro ya riƙa bin mutane gona. Samarinmu ne suka haɗu, kansilanmu ya saya musu takalma da fitilu da riguna iri ɗaya, muka yi ta sa musu albarka. Ƙanen maigidana yana cikinsu. Ni da kaina na dafa musu shinkafa da wake ranar da suka fara aiki.

Ina koyarwa a firamaren garin, a ƙasar Gaya, gidanmu kuma yana bakin hanyar da ta fito daga rugagen Fulani ta nufi kasuwa. Akwai wata Bafillatana da ta mai da gidanmu zango tun uwar mijina tana da rai. Duk ranar kasuwa sai ta biyo ta sauke ƙwarya, ta sha ruwa, ta auna mini nono, in ta taso da yamma ta tsaya ta yi la'asar. Ta ɗan girme ni. Ina ce mata ƙawa, tana ce mini Malama. Rugarsu tana wajen iyaka da Ajingi, kuma tsofaffin garinmu sun ce tun tasowarsu a nan suka gan ta.

Wata ranar kasuwa, muna hutun makaranta, sai ga ta ta dawo tun kafin azahar, ƙwarya ba komai, gefen zanenta a jiƙe. Na ce, "Ƙawa, yau kasuwa ta yi kyau ke nan?"

Ta samu wuri ta zauna. Sannan ta ce, "Malama, zubarwa na yi. Yaranku sun ɗaura igiya a bakin kasuwa. Suka tsayar da mu, ɗaya ya sa sandarsa cikin nonon yana juyawa, wai yana neman harsashi. Wa zai sayi nonon da aka sa wa sandar da ake dogarawa a ƙasa?"

Na tambaye ta labarin maigidanta, wani dattijo mai farin gemu da yakan kawo raguna. Ta ce an cire masa malafa, an zaunar da shi a rana tare da sauran mazan ruga, ana duba wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Da ya nemi a bar shi ya koma inuwa, wani yaro sa'an jikansa ya daka masa tsawa. Tana faɗa tana kallon ƙasa, kamar ita ta yi abin kunyar.

Kasuwa ta zagayo na yafa mayafi na tafi in gani da idona. Igiyar tana nan, an ɗaure ta daga bishiyar darbejiya zuwa turken rumfar mahauta. Ni dai aka ɗaga mini na wuce, har da gaisuwa. Wani mutum ya zo da ƙaton buhu a babur, ba wanda ya tambaye shi abin da ke ciki. Sai ga wani abokin aikina, malami ne ɗan Kademi, fari siriri mai dogon hanci. Suka tare shi, suka nuna masa inda zai zauna. Sai da ya buɗe baki suka ji Hausarsa, wani kuma ya gane shi, suka ce, "Yi haƙuri Malam, mun zaci Bafillace ne." Ya wuce yana dariyar yaƙe. Ni kam a nan na ga abin da suke dubawa: fuska ce da kalar fata da irin ɗinkin riga.

Na yi wa maigida maganar bayan ya dawo daga gona. Yana ɓare gyaɗa ya ce abin bai dace ba, amma in yi a hankali, ƙanensa yana ciki, kuma mutane a tsorace suke. Ya je wajen mai unguwa da kansa. Mai unguwa ya ce ya yi wa yaran magana ba su ji ba, yanzu wanda ya saya musu riguna kaɗai suke jin maganarsa.

Kansilan nan ɗalibina ne, ni na koya masa karatu a aji uku. Na kira wayarsa ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Na sake kira washegari, haka. Na tura saƙo, shiru. Daga ƙarshe na nemi mata biyu daga Islamiyyarmu ta matan aure, na aika wa ƙawata ta zo, muka yi sammako gidansa kafin ya fita.

Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mana darduma a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Honarabul, mun zo ne kan igiyar nan ta bakin kasuwa." Na faɗa masa abin da na gani.

Ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, maganar tsaro ce, tana da wuyar taɓawa. In na hana su, gobe wani abu ya faru, ni za a zaga. Kuma gaskiya mutanen rugar nan ai 'yan Ajingi ne, ba a mazaɓata suke ba. Kansilan can ya kamata su samu."

Ƙawata ta ɗago kai ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar zaɓe a makarantar Malama na bi layi. Tana gabana ina bayanta. Motarku ce ma ta je ta ɗauko mu."

Ya ce zai duba, ya rako mu har ƙofa. Muka jira, kasuwa ta ci ta sake ci, igiya tana nan.

Daga nan Fulanin suka daina zuwa. Suka koma kai dabbobinsu da nononsu kasuwar Ajingi, duk da ta fi musu nisa. Masu fura suka fara kuka, mahauta suka fara kuka, 'yan tireda da ke sayar musu da gishiri da sabulu suka riƙa zama suna korar ƙuda. Ni ba wannan ne ya fi damuna ba. Yaran ruga da nake koyarwa sun daina zuwa makaranta da aka dawo daga hutu. Kuma labari ya fara yawo cewa samarin ruga sun yi rantsuwa ba wanda zai ƙara zaunar da iyayensu a rana, samarin gari su ma suna cewa rashin zuwan nan alama ce ta akwai abin da ake ɓoyewa. Damina tana ƙaratowa, lokacin da saniya ɗaya in ta faɗa gona take isa ta tayar da fitina. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a cikin Gaya, wani tsohon ɗan kasuwa da matarsa take 'yar'uwar mahaifiyata. Na ji an ce ɗan majalisarmu zai zo gaisuwa ranar sadakar uku. Ban taɓa magana da shi ba, hotonsa kawai na sani a jikin bango. Na faɗa wa maigida abin da nake so in yi. Ya dube ni ya ce, "Gidan makoki fa." Na ce na sani, amma ban san wani wurin da mace irina za ta same shi ba tare da an tare ta a ƙofa ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Na ɗauki ƙawata muka hau mota. A hanya ta ce mini tana jin tsoro, kada a ce ta kawo ƙara a ƙara tsananta musu. Na ce mata ni ma tsoron nake ji.

Muna zaune cikin mata a tsakar gida, bayan azahar, aka ce a gyara ga Honarabul zai shigo ya gaida iyali. Ya shigo da mutanensa, ya durƙusa gaban matar mamacin, aka yi addu'a aka shafa. Yana shirin miƙewa na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana."

Wani daga cikin mutanensa ya matso ya ce, "Hajiya, ki zo ofis, nan ba wurinta ba ne."

Sai matar mamacin, cikin takabarta, ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bar ta. 'Yata ce, ba ta magana a banza."

Honarabul ya koma ya zauna a bakin tabarma. Na faɗa masa komai, tun daga sandar da aka sa a nono har malamin Kademi da aka tare saboda hancinsa. Na ce ba mu ce a daina tsaro ba, mu ma muna son mu kwana lafiya, amma in bincike ne a binciki kowa, in kuma ba haka ba a kwance igiyar, don mutanen nan maƙwabtanmu ne, a rijiya ɗaya muke ɗiba. Na manta rabin abin da na shirya a mota.

Bai katse ni ba. Da na gama ya juya wajen ƙawata ya gaishe ta da Fulatanci, wani gurɓatacce da ya sa ta rufe baki da gefen mayafi. Ya ce iyakar abin da ya rage masa ke nan daga kakarsa. Ya tambaye ta ko haka aka yi, ta ce haka ne. Sai ya ce a kira masa kansilanmu. A gabanmu ya yi magana da shi, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ya ce yana so a zauna a ƙofar dagaci kafin kasuwa mai zuwa, da ardo da shugaban 'yan sintiri da wakilin 'yan sanda, shi ma zai turo mutum.

Na fito daga gidan ban yarda za a yi ba. Na sha ganin alkawarin 'yan siyasa. Amma aka yi zaman. Mata ba sa zama a irin wannan, maigida ne ya je ya kawo mini labari. Ya ce an daɗe ana ja. Shugaban 'yan sintiri ya tsaya a kan cewa wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ba a gane mugu a goshi. Ardo ya ce to ai shi ya sa bai kamata a ce a fuska ake gane shi ba. Ya ce su ne suke kwana a daji, in ɓarayi suka zo shanunsu za a fara kora. Daga ƙarshe aka tsaya a kan abu biyu: bincike na kowa ne, kuma samarin ruga za su shiga sintiri tare da na gari. Dagaci ya sa yaron da ya daka wa dattijon nan tsawa ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Dattijon ya ce ya yafe, bai ƙara komai ba.

Ranar kasuwa na je. 'Yan sintiri sun ɗauki maganar binciken kowa da gaske, wataƙila don su nuna ba za ta yiwu ba. Layi ya miƙe har bakin masallaci. Aka kwance ɗaurin masu tabarma, aka leƙa kwandon masu ƙosai, aka buɗe jakar liman aka sami goro da carbi. Ni ma aka duba ledata, ƙanen maigidana ne ma ya duba, bai yarda mun haɗa ido ba. Mutanen da ba su taɓa cewa uffan ba lokacin da Fulani kaɗai ake tsarewa, ranar kowa ya sami bakin magana. Kafin azahar wani dattijon mahauci ya je ya kwance igiyar daga turkensa, ya ce yana son ɗaure akuya. Ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya sake ɗaura wata.

Na ga matan ruga suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da ƙorensu a ka, suna waige-waige, har suka kai inda suka saba zama. Na samu benci a rumfar wata mai kayan miya na zauna na yi ta ajiyar zuciya, har ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce lafiya ƙalau, yunwa ce kawai. Kuma da gaske yunwa nake ji, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Ba komai ne ya koma yadda yake ba. Wasu gidajen ruga har yau Ajingi suke kai dabbobinsu. Mijin ƙawata bai sake taka kasuwarmu ba, 'ya'yansa yake turowa. Ƙanen maigidana ya daɗe yana gaishe ni a taƙaice. Amma yaran sun dawo makaranta, sai da na sha wahalar maimaita musu abin da ya wuce su.

Da damina ta yi nisa, abin da nake tsoro ya faru: shanu suka ɓalle suka shiga gonar geron wani maƙwabcinmu suka yi ɓarna a gefe guda. Kafin mai gonar ya gama tara mutane, samari biyu 'yan sintiri, ɗaya na gari ɗaya na ruga, sun riga sun fitar da shanun sun je sun taho da mai su. Aka zauna a gindin tsamiya aka duba ɓarnar, aka yi sulhu a kan mai shanun zai kawo taki gonar da rani. Ni ban ma ji labarin ba sai washegari, a bakin wata mai tallan kuka.