Rabi'u da Muryar Gwaggo

Shekara goma sha ɗaya rumfata ta ɗinki tana manne da ta Rabi'u mai gyaran rediyo a kasuwar Madarumfa, kuma ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Sai ya kurɓa sau biyu, ya miƙe, ya leƙa cikin wata rediyo, ya fita bakin hanya, ya dawo ya tarar shayin ya huce. In na yi masa magana sai ya ce, "Tela, zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

Mutumin Safo ne, ɗan manomin gero. Yana saurayi ya zo tabkin Madarumfa ya yi su na shekara biyu, ya sayar da komar, ya ƙetara Katsina cin rani. Ya yi turin ruwa, ya yi dako. A Jibiya ne ya zauna gefen wani tsoho mai gyaran rediyo har rani uku, kuma wannan ita ce sana'a ɗaya tilo da ta iya riƙe shi. Bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Lambobin da ke jikin kayan gyara kawai yake karantawa. Amma yana da kunne. In ka kawo masa rediyo, sai ya kunna, ya karkata kai kamar kaza tana kallon shaho, ya gaya maka abin da ya lalace tun bai kwance ƙusa ko ɗaya ba. A garwashi yake gasa ƙarfen da yake narka dalma da shi, shi ya sa yatsunsa duk tabon ƙuna ne. Matarsa Balaraba tana da lambu a bakin tabki, kuma kowa ya san albasa da tumatirinta ne ke riƙe da gidan a duk lokacin da hankalin maigidan ya tafi wani wuri.

A farkon daminar 1996, ranar kasuwa da hantsi, amalanken jaki ya tsaya gaban rumfunanmu. Mamman mai gita ne, mutumin Gabi, wanda yake kaɗa waƙoƙin gurmi da gitar lantarki a bukukuwa. Shi da mai jakin suka sauke wani akwatin katako, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da marar lafiya. Kowa a yankin ya san akwatin nan. Ampili ne, wato na'urar da ake jona wa gita don ta ƙara mata sauti, tsoho ƙwarai, wanda Mamman ya saya hannun wani direban kamyo, babbar motar kaya. A cikinsa akwai ƴan kwalabe da ke yin ja kamar garwashi in an kunna. Takardar lasifikarsa ta yage tun tuni, an like ta. Muryarsa a dushe take, mai kauri, tana da wata ƴar rawa a ƙarshen kowane bugu, kamar tsohuwa tana rarrashin jika. Gwaggo Mamman yake kiransa, haka ma mutane.

"Malam Rabi'u, Gwaggo ta yi shiru," in ji Mamman. "Jiya a wurin biki mai gurup, injin ba da lantarkin nan, ya ƙara masa wuta, sai na ji ƙauri."

Rabi'u ya buɗe bayan akwatin, ya sunsuna, ya daɗe yana kallo. Naɗin wayar tagulla ya narke ya zama dunƙule ɗaya, kwalabe biyu sun tsage, lasifikar ma ta ƙone.

"Mamman, sai dai haƙuri. Wannan ba rashin lafiya ba ne, rasuwa ce."

Mamman ya zauna kan bencina. Daga nan muka ji dalilin tashin hankalinsa. Wani mai suna Sani a Maraɗi, wanda yake da ɗakin ɗaukar waƙa, ya yi masa alkawarin kaset ɗinsa na farko bayan kaka. Sani yana da sabon ampili, Mamman ya gwada shi.

"Muryarsa fes take kamar ta mai karanta labarai," in ji shi. "In na kaɗa da shi, ba wanda zai ce ni ne."

Rabi'u ya je Maraɗi neman kwalaben, ya je Katsina, ya dawo hannu rabbana. Wani ya ce masa sai Kano, wani ya ce ko a Kano an daina ganinsu. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi wata safiya ya tsaya a kaina ina cikin taka keke.

"Tela, mene ne murya?"

"Wace irin tambaya ce wannan da sassafe?"

"Mai kwaikwayon kukan kura ba kura ce a cikinsa ba. In ban iya tayar da Gwaggo ba, ai ina iya yin abin da zai kwaikwaye ta. Ƙaramin akwati, a sa shi tsakanin gita da sabon ampilin Sani. Muryar gita ta shiga fes, ta fito a dushe."

Abin da ya rage na muryar Gwaggo a duniya shi ne kaset ɗaya da wani ya ɗauka a wani biki. A farkonsa akwai ɗan wuri inda Mamman yake gwada tsirkiya shi kaɗai kafin jama'a su taru. Wannan ɗan wurin Rabi'u ya dinga saurare, ya mayar da zaren baya da bik, wato biro, don kada pil, baturin rediyo, ya ƙare, ya sake saurare. Na ji shi har na fara jin sa a cikin ƙarar kekena.

Akwati na farko a gwangwanin madara ya yi shi, da kayan matattun rediyoyi. Mamman ya zo da gitarsa, aka jona da baturin mota. Abin da ya fito kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Na biyu ya yi kukan jaki. Na huɗu ya fara kama hanya, don Rabi'u ya gano cewa in ya tura wa na'urar sauti fiye da ƙarfinta, sai ta aske kan sautin, ya fito da ƙaiƙayi. A na shida ya gano cewa pil mai rauni ya fi sabo ba da wannan kasalar ta Gwaggo, har ya riƙa bin mutane yana roƙon tsofaffin pil ɗinsu. Amma kowane mako Mamman zai zo daga Gabi, ya kaɗa, ya rufe ido, ya girgiza kai.

"An kusa, Malam. Amma ba ita ba ce."

"Ina ya rage?"

"Ban sani ba. Ita in ta yi magana, a nan nake ji." Sai ya dafa ƙirji.

Ana cikin haka ciyawa ta ci gonar geron Rabi'u. Rediyoyin mutane suka taru a rumfa, ƙura ta rufe su, masu su suna zuwa suna komawa da ɓacin rai. Wata rana Balaraba ta zo da kanta, da kwandon tumatir a ka. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, maƙwabta sun gama maimai, mu ko noman fari ba mu gama ba. Bana murya za mu ci?"

Ya sunkuyar da kai ya ce gobe. Ya kuwa je gona kwana uku. Ran na huɗu da hantsi sai ga shi a guje, da hauya a kafaɗa, ƙafa duk laka. Ya ce yana cikin noma iska ta kaɗa wani yagaggen ganyen dawa, ya ji yana karkarwa, sai ya tuna da yagaggiyar takardar lasifikar Gwaggo. Duk wannan lokaci a cikin waya yake neman rawar muryar, ashe a takarda take.

Ya ɗauko wata ƴar lasifika lafiyayya, ya sa reza ya tsaga ta wuri biyu. Ya samo ƙaramin akwatin katako, ya kafa ta a ciki, ya kafa ɗan makirufon tsohuwar rakoda yana fuskantarta. Ya kwashe mini ƙyallayen da nake tarawa don matashin kai, ya cusa a ciki har ba a jin komai daga waje. Sauti zai shiga, ya bi ta na'urar da ke dusar da shi, ya girgiza yagaggiyar takarda, makirufo ya ɗauka ya miƙa wa babban ampili. Wannan shi ne akwati na tara.

Mamman ya kaɗa. Ni dai sai da na tsayar da keke. Wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta leƙo ta ce, "A'a, an gyara Gwaggo ke nan?" Amma Mamman ya buɗe ido ya ce, "Saura kaɗan."

Rabi'u kuwa ashe ya danna rakoda ya ɗauki bugun a wani kaset. Da mako ya zagayo, ya miƙo mini kaset biyu, ya sa na rataya zane tsakanina da Mamman.

"Tela zai sa su ɗaya bayan ɗaya. Ka gaya mana wace ce Gwaggo."

Na sa tsohon, na sa sabon. Mamman ya ce a sake. Na sake har sau uku. Sannan ya ce, "Ta biyun. Ko a mafarki na ji ta, na san ta."

Na ɗaga zanen na nuna masa kaset ɗin da ke hannuna. Ya dube shi, ya dubi akwatin katakon, sai ya fashe da dariya har da hawaye, yana cewa, "Ashe kewa ce ta toshe mini kunne!"

Ka ce an huta? Ina! Yanzu kuma Rabi'u ne bai yarda ba. Ya ce Mamman ya kasa bambancewa, amma shi yana jin bambanci: tsohuwar tana jan numfashi kafin ta saki murya, sabuwar tana da garaje. Ya buɗe akwatin ya taɓa wani abu, muryar ta ɓace gaba ɗaya, ya yi kwana biyar kafin ya dawo da ita. Ana sauran kwana biyu a tafi Maraɗi, na gan shi ya sake ɗauko sukundireba. Ya fita neman garwashi, ni kuwa na ɗauke akwatin, na naɗe shi da guntun tamfol, na ɗinke shi ruf da zare mai ƙarfi, na bar ramuka biyu na waya kawai.

Da ya dawo ya tsaya yana kallon aikina.

"Tela, wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. In ka farke ɗinkin nan, ka nemi wani maƙwabcin."

Ya zagaya rumfar sau biyu, ya ciji yatsa, ya ajiye sukundireban.

Haka aka ɗauki kaset ɗin a Maraɗi, da akwati a ɗinke. Rabi'u ya bi su, kuma Mamman ya ba mu labari cewa sai da Sani ya fitar da shi waje don yawan kai-komonsa yana shiga cikin ɗauka. Kaset ɗin bai kai Yamai ba, amma daga tashar Maraɗi zuwa Jibiya ba motar hayar da ba ta sa shi a ranin nan. Masu gita biyu suka zo daga Tasawa suna son irin akwatin. Ya yi musu, kowane da tasa muryar, don bai taɓa iya yin abu ɗaya sau biyu ba. Gero kuwa, bara ta fi bana nesa ba kusa ba. Lambun Balaraba ne ya fitar da su.

A 1999 Sani ya dawo daga Yamai da wani labari. Ya ce ya ga ɗakin ɗaukar waƙa inda ake jona gita da ordinata, na'urar nan mai allo kamar talabijin. Ba ampili ko ɗaya a ɗakin, amma in an danna sai ta kwaikwayi muryar wannan ampili, a sake dannawa ta kwaikwayi ta wancan. Rabi'u ya sa shi ya maimaita har sau uku. Kwana biyu bayan haka ya rufe rumfa ya hau motar Yamai.

Ya yi mako uku a can. Ya dawo a rame, bakinsa ba ya rufuwa.

"Tela, na buɗe ido na rasa inda muryar take. Ba takarda, ba kwalba. Sun ce lissafi ne. Wai an auna yadda kowane ampili yake lanƙwasa sauti, an rubuta, na'urar tana karantawa."

"To, ai sun ƙwace maka sana'a."

"Wace sana'a? Ni abin da ya hana ni sukuni, duk abin da ke kan allon da Faransanci yake. Mai ɗakin ya bar ni na zauna gabanta, na zama kamar makaho a kasuwa."

A makon nan ya je ya rubuta sunansa a ajin yaƙi da jahilci da wani mushe, wato malamin makaranta, yake koyarwa bayan la'asar. Yana da shekara arba'in da shida. Mushen ya gaya mini cewa bai taɓa samun ɗalibi mai saurin kamawa kamarsa ba, kuma bai taɓa samun mai katse shi da tambaya kamarsa ba. Bayan wata bakwai Sani ya kira shi Maraɗi ya riƙa kula masa da na'urori. Balaraba ta ce ita ba za ta bar lambunta ba, don haka ya zama ɗan hanya: Asabar ya tafi, Alhamis ya dawo. Rumfarsa wani mai sayar da takalma ya karɓa, mutumin kirki, mai shiru. Wasiƙar farko da Rabi'u ya rubuta da hannunsa ni ya aiko wa, layi huɗu, haruffan a karkace. Ya gaishe ni, ya ce Sani yana shirin sayen ordinata, sannan ya tambaya ko zan ɗinka mata riga saboda ƙura. Ya manta bai sa awo ba.