Amanar Bayan Bargo

Godiya ta tabbata ga Allah Masanin abin da ƙiraza suka ɓoye, Mai suturta bawa alhali Yana ganinsa, Mai karɓar tuba ba Ya gajiya. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, wanda mutanensa suka kira shi Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka. A shekarun farko na wannan ƙarni na Hijira, ina gadin wani dogon gida a Bani Malik, cikin Jidda. Haris ake ce mini, wato mai gadi. Da rana ina riƙon mabuɗai ina jiran tankar ruwa; tsakanin Magariba da Isha'i kuwa ina karantar da fiƙihu a ƙarƙashin matakala ga duk wanda gajiya ta bar masa kunne. Yawancin mazauna gidan mutanenmu ne na Nijar da Chadi. A hawan ƙarshe akwai wasu direbobi Kiristoci 'yan Katolika, daga ƙasar duwatsu ta kudancin Zariya, masu tuƙa iyalan manyan gidajen unguwar Abhur.

A bayan filin gidan akwai wata warsha ta gyaran firji da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mai ita dattijo ne siriri, mai furfura a gira, ɗan ƙasar direbobin nan. A iƙamarsa, wato takardar izinin zama, an rubuta mai gyara, kuma lallai yana gyaran, don hannunsa ya san jan ƙarfe. Sai dai a gida limaminsu ne, wanda suke kira fada. Birnin ba shi da coci. Saboda haka kowace Jumma'a da hantsi, ranar da kafilai, wato iyayen gidan da suka ɗauko su aiki, ke sakin direbobi, sai su sulale cikin warshar ɗaya bayan ɗaya, su jingina katifu a jikin taga, su yi ibadarsu. Wani daga cikinsu ya taɓa ba ni labarin cocin garinsu: ƙararrawa, da ganguna, da mata masu guɗa. A nan kuwa waƙar tasu ba ta wuce gunjin ƙudan zuma ba. Na sani, ban kuwa kai zancen ko'ina ba, domin maƙwabci yana da haƙƙinsa ko da addini ya raba.

Kafin su fara ibadar akwai abin da suke yi. Ana rataya tsohon bargo a kan igiya tsakanin wasu matattun firji biyu. Fada ya zauna a wancan gefe, mutum ya durƙusa a wannan, ya zayyana laifuffukansa cikin raɗa. Ikirari suke ce masa. Na sha ganin ƙaton direba ya shiga yana taƙama, ya fito yana share ido da bayan hannu.

Wata rana muna shan shayi a bakin warsha na ce masa, "Fada, a wurinmu babu mai gafarta zunubi sai Allah, kuma babu shamaki tsakanin bawa da Ubangijinsa. Abin da Allah Ya rufa maka, ba a so ka tona shi da bakinka. Kai me ya haɗa ka da kwasar kwatamin mutane?"

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, "Malam, aikin da ka raɗa mini ya fi na iƙamata gaskiya. Ai mu ma Allah ne ke gafartawa. Sai dai ɗan Adam gwanin yi wa kansa ƙarya ne idan yana shi kaɗai. Ranar da ya ji laifinsa yana fita daga bakinsa zuwa kunnen wani, ranar yake sanin girmansa. Ƙurji ne, sai an matse."

Na ce, "In kuma mai matsewar ya yayata warin fa?"

Ya ajiye kofi. Ya ce, "Abin da ya shiga bayan bargon can ya mutu. Ko wuyana za a yanka."

Na ɗauka irin maganar da kowa ke yi ce a inuwa da kofin shayi a hannu. Ban sauya ra'ayina a kan mas'alar ba a ranar, ban kuma sauya ba har yau.

A gidan akwai wasu 'yan'uwa biyu daga yankin Maraɗi. Babbansu maƙerin ƙofofin ƙarfe ne, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Ƙanen yana wanke motocin direbobin nan a garejin ƙasa, kuma Allah Ya ba shi harshe kamar aska. Babu direban da bai zaga ba, babu wanda bai yi wa ba'a da addininsa ko da uwarsa ba. Na sha ja masa kunne, yakan ce, "Malam, wasa ne."

Wata safiyar Laraba na buɗe garejin na tarar da shi kife cikin ruwan sabulu da jini. An sara masa ƙarfen kwance taya a ƙeya. Ƙarfen na nan gefensa da gashi a jiki. Bai mutu ba. Amma da ya farfaɗo, ɓarin jikinsa na dama ya tafi, harshen nan kuma ya naɗe, ba ya fitar da komai sai gurnani. Ba shi da iƙama, wansa ma tasa ta ƙare, don haka ba su kai ƙara ba. Aka samo wani ma'aikacin jinya ɗan ƙasarmu ya ɗinke kan a ɗaki. Garejin kuwa, ban da ni, direbobin nan kaɗai ke da mabuɗinsa, kuma wan ya san haka.

Wan ya taɓa yin aikin ƙofa a wani coci a gida, ya san al'adarsu. Ran Jumma'a ya zauna a matakala yana kallon su suna shiga warsha, yana kallon su suna fita. Da zan tafi masallaci ya ce mini, "Malam, dukansu sun shiga bayan bargo. Wanda ya yi ya faɗa. Tsohon nan shi ne rumbun." Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya tashi mu je salla, bayan an sauko mu zauna da dattawa. Ya ce to. Ban gan shi a sahu ba.

Da na dawo, tun daga ƙofar gida na ji ƙarar ƙarfe a kan nama. Wanda ya taɓa jin wannan sauti ba ya rikita shi da wani. Na ruga warshar. An tura firji an tokare ƙofa, na sa kafaɗa na ture.

Sun ɗaure fada a jikin teburin aiki da bel ɗin injin. Wan yana tsaye da bututun jan ƙarfe a hannu, bututun ya riga ya lanƙwashe. Wasu abokan aikinsa biyu suna danne da tsohon. Girar nan mai furfura ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya yana ɗiga daga haɓa. An yage bargon an jefar a ƙasa. Sun cusa hannunsa na hagu cikin matsen ƙarfe na bakin tebur, wanda yake kama bututu da shi in zai yanka.

Wan ya ce, "Suna kawai. Ka faɗi suna, halas, na sake ka."

Fada ya ce, "Ɗana, ba ni da abin da zan ba ka."

Wan ya juya hannun matsen. Na ji ƙashi ya ce ƙas, kamar an taka busasshen kara. Tsohon ya yi ƙara guda, kansa ya faɗi a ƙirji.

Na faɗa tsakaninsu ina cewa, "Kai! Wannan haramun ne! Ba a kama wani da laifin wani. Mutumin nan amana aka ba shi!"

Ya ce, "Amanar arne? Malam, matsa. Je ka ga ƙanena yana fitsari a kwance, sannan ka zo ka karanta mini littafi."

Na kama bututun. Ya fizge, ya mangare ni da gwiwar hannu a baki. Na faɗa kan tarin tsofaffin mukayyif, haƙorana biyu na gaba suka zube a cikin bakina. Ina tofar da su ina jin yana cewa, "Yalla, tsoho. Saura yatsu huɗu. Ka san shi ko ba ka san shi ba?"

Wannan tambaya ita ce ƙofar kuɓuta, kuma kowa a ɗakin ya gane haka. Da ya ce bai sani ba, babu wanda ya faɗa masa komai, wataƙila da sun gaji sun bar shi. A fiƙihunmu ma an yi rangwame ga wanda aka tilasta. Har na ce masa, da bakina mai jini, "Fada, ka ce ba ka sani ba mana!" Ya ɗaga idon da ya rage ya dube ni. Ya ce, "Malam, ko wannan ba nawa ba ne." Daga baya na fahimta: in ya ce babu yau, to shirunsa na gobe ya zama akwai.

Wan ya sake juya matsen.

A bangon warshar ta sama akwai ramin da aka cire mukayyif ba a mayar ba, yana kallon matakalar direbobi. Ta nan ihun ya hau. Sai ga mutum a bakin ƙofa, babu takalmi, cikin farar singileti. Direba ne mai matsakaicin shekaru, wanda ya fi su duka shiru, wanda kullum yake gaishe ni da hannu biyu.

Ya ce, "Ku sake shi. Ni ne. Ya zagi uwata, kuma a makon nan aka aiko mini ta rasu. Na ɗauki ƙarfen. Ni ne."

Wan ya juyo wajensa. Ya jefar da lanƙwasasshen bututun, ya ɗauki guduma daga tebur. Direban bai gudu ba, bai kare kansa ba, ya durƙusa kamar yadda suke durƙusawa a gaban bargo. Gudumar ta sauka a kafaɗarsa, ƙashin wuya ya karye, hannun ya zube yana lilo. Wan ya ɗaga ta biyu yana auna ƙeya. Na rarrafa na rungume ƙafafunsa, abokan nasa ma, da suka ga abin ya kai ga kisa, suka riƙe hannun.

Na ce, "Jinin ba naka ba ne. Mai haƙƙi yana raye, yana sama. In ka kashe wannan ka zalunci ƙanenka sau biyu: ka ƙwace masa haƙƙinsa, ka bar shi ba mai juya shi ranar da aka sare kanka. Mu kai masa shi."

Wan ya daɗe yana huci. Sannan ya kama direban ta wuyan singileti ya ja shi a matakala kamar buhu. Ni na tsaya na kwance matsen. Yatsun fada biyu sun zama kamar ɓawon gyaɗa da aka taka. Ya ce in taimake shi ya hau, shi ma zai je.

Ƙanen yana kwance a katifa, kai a naɗe, yawu na bin gefen baki. Aka durƙusar da direban a gabansa. Na ce, "Ga wanda ya sare ka, ya faɗa da bakinsa. Haƙƙi naka ne. Me kake so a yi masa?"

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga hannun hagu, wanda ya rage masa, ya dunƙule, ya kai masa naushi a fuska. Naushin ba shi da ƙarfin da zai kori ƙuda. Ya sake. Ya sake. Direban ya matso da fuskarsa kusa don kada ya wahala wajen miƙa hannu. Haka ya yi ta dukansa yana gurnani, hawaye na zuba, har hannun ya faɗi. Wan ya miƙo masa gudumar, ya ce, "In yi maka?" Ƙanen ya kawar da kai. Sai ya nuna kofin ruwa da ke gefen katifa. Wan ya kai hannu, ƙanen ya yi gurnani, ya nuna direban.

Da hannu ɗaya mutumin ya ɗauki kofin ya ba shi, rabin ruwan na zuba a ƙirji.

Tun daga ranar direban ne mai jinyarsa. Da kafaɗarsa ta haɗe, a karkace, shi ke goya shi zuwa banɗaki, shi ke wanke shi, shi ke juya shi kafin ya tafi Abhur da bayan ya dawo. Har alwala ya koya don ya riƙa yi masa, ni na nuna masa iyakar gwiwar hannu da idon sawu. Wan bai taɓa amsa gaisuwarsa ba, amma bai sake taɓa shi ba. Haka suka zauna har aka samu hanyar mayar da majinyacin gida.

Yatsun fada ba su gyaru ba, kuma mai gyaran mukayyif ba ya aiki da hannu guda. Kafilinsa ya sallame shi. Ana gobe zai tafi na same shi a warsha yana naɗe bargon nan, wanda wani ya ɗinke. Muka sha shayi, ni ina kurɓa ta gefen baki.

Na ce, "Yanzu dai magana ta fito fili, kowa ya ji. Ashe abin da ya faɗa maka ke nan a safiyar nan? Kai ka ce masa ya fito?"

Ya dube ni da murmushi, girar da tabo. Ya ce, "Malam, wace safiya?"

Na ce, "Haba Fada, mutumin da kansa ya tona."

Ya ce, "Shi yana da ikon faɗin nasa. Ƙara mini sukari, shayinka kullum kamar magani."

Na ƙara masa. Ban sake tambaya ba.

Na karanta babin amana a gaban malamai tun ina saurayi, na kuma karantar da shi a ƙarƙashin matakalar nan sau da yawa. Bayan wannan Jumma'a, duk lokacin da na zo kansa, harshena yakan taɓa gurbin haƙoran nan biyu, sai in sassauta murya. Ɗalibai sukan ɗauka tsufa ne.

Allah Ya sa mu cikin masu tuba tun kafin a tone su, masu mayar da haƙƙi tun mai shi yana raye. Ya Allah, wanda ya karanta wannan, Ka rufa masa asiri duniya da lahira, Ka tsare hannunsa daga jinin mutane da harshensa daga mutuncinsu, Ka sanya albarka da aminci a gidansa, da iyalansa, da maƙwabtansa na kusa da na nesa. Amin.