Gilashin Gefen Baba

Bazara biyu na yi ina buɗe bonet ɗin motata kusan kowace Juma'a da hantsi, a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidanmu a Kalgo. Ni malamin gona ne, abin da na sani taki da irin shinkafa, amma ciwon mahaifina ya mai da ni mai ɗura wa iyakwandishan gas. Ban taɓa son aikin ba, ko sau ɗaya.

Baba mutumin Gwandu ne, maɗinkin manyan riguna, kuma babu wanda bai san rumfarsa ba. Ba a daɗe da yanko jiharmu daga Sakkwato ba likita a Birnin Kebbi ya ce zuciyarsa ta kumbura, a raba shi da wahala, a raba shi da zafi. Na ɗauko shi ya dawo wurina don kusa da asibiti. Ya yarda, amma da sharaɗi guda, cewa duk Juma'a zan kai shi Gwandu ya yi salla. Tafiyar ta fi awa ɗaya, kuma dole a yi ta da tsakar rana. A tafiya ta uku ya sume mini a kujera, sai da na tsaya a bakin hanya na yayyafa masa ruwa. Daga ranar na san in babu sanyi a motar nan, wata rana gawarsa zan kai Gwandu.

Motar kuwa ta hannu ce, ta ga jiya ta ga yau. Iyakwandishan ɗinta yana yoyo ta wani wuri da makanike a Sakkwato ya yini yana nema da ruwan sabulu bai gano ba. Da ya gaji da ganina sai ya haɗa ni da katan ɗin ƙananan gwangwanayen gas da guntun tiyo, ya nuna mini yadda ake yi, ya ce in riƙa ɗurawa a gida.

Aikin ba wuya, sai cin rai. In tada inji, in kunna sanyi har ƙarshe. In ɗaura tiyo a bakin bututu mai kauri, ba siririn ba, don makaniken ya ce in na kuskure gwangwanin zai fashe mini a hannu. In huda gwangwanin, in tsoma gindinsa cikin kwanon ruwan ɗumi da maiɗakina ke kawo mini daga madafa, don gas ɗin ya fi saurin shiga. Sannan in sunkuya in zuba wa wani ɗan gilashi ido, ƙarami kamar idon kifi, ina jiran kumfar da ke gudu a cikinsa ta washe. Zafin inji yana dukan fuskata, gwangwani yana ƙanƙara a yatsuna, gumi yana ɗiga daga haɓata. Kafin in gama, rigar da na sa ta jiƙe sharkaf, sai na sake wanka.

To duk wannan wahala, da zarar mun doshi Gwandu sai Baba ya kama hannun gilashin gefensa ya murza shi har ƙasa. Iska mai zafi ta shigo kamar an buɗe tanda. Sai ya hau gaisuwa. Ya gai da mai faci, ya gai da masu jiran mota, ya gai da wani tsoho a kan jaki wanda ya ce tare suka yi karatun allo. Kowa sai an tambayi iyalinsa da gonarsa, ni kuwa ina tafiya kamar mai rakiyar amarya, sanyin da na sha wuya a kansa yana ficewa ta taga.

Na ce, "Baba, likita ya hana ka zahi. Ka ɗaga musu hannu ta cikin gilas mana."

Ya ce, "Mi kac ce? In gai da mutane ina cikin kwalba? Su ce tun da ɗana yas sayi mota na zama wani abu?"

"Lahiyarka nika ji."

"Lahiyata lau. Tuƙa motarka."

Haka muka yi ta yi. Raina ya ɓaci sau ba adadi, kuma na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Kwana biyar ina yawon fadama, ranar da ya kamata in huta ina tsugune gaban inji, ga tsoro kullum a cikina. Ina tuƙi ina satar kallon ƙirjinsa, ina lura da yadda numfashinsa ke hawa da sauka.

Wata Juma'a bayan na gama ɗura gas, sai dabara ta zo mini. Na sa sukundireba na zare hannun gilashin gefensa na jefa a aljihu. Maiɗakina tana tsaye da kwanon ruwa ta ce, "Malam, wanga abu ba shi yi ma kyau." Na ce ta bar ni, ni na san abin da nake yi.

Baba ya lalubi hannun bai ji shi ba. Ya dube ni, ya mai da idonsa kan hanya. Motar ta yi sanyi har muka shiga gari, ina jin daɗi a raina kamar na ci gasa. A kusa da kasuwa wani tsohon abokin ɗinkinsa, wanda idonsa ya fara rauni, ya gane motar ya taso yana ɗaga hannu. Baba ya ƙwanƙwasa gilashi yana amsawa, mutumin bai ji ba, bai kuma gan shi ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya sauke hannunsa ya koma ya zauna. Kafin in ankara Baba ya buɗe ƙofa mota tana tafiya. Na taka birki har rawaninsa ya zame.

Ya fita da ƙafarsa a cikin wannan rana, ya taka ya koma baya wurin mutumin, ya daɗe. Da ya dawo yana haki, leɓensa ya yi fari, sai ya ce, "Ka sa an yi min sallama ban amsa ba. Tun da nike ba a taɓa ba." Kunya ta kama ni ƙwarai. A nan bakin kasuwa na fito da hannun na mayar.

Ban daina ɗura gas ba, shi ma bai daina sauke gilashi ba. Sai dai na daina magana. Na ɗauka cewa sanyin na hanya ne, garin kuma nasa ne.

A ƙarshen bazara ta biyu, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na ce mu haƙura da tafiyar wannan makon, ya ce a'a. Ranar gas ɗin ya shiga da kyau, kumfar ta washe tas, iskar tana fitowa da sanyin da ban taɓa samu ba. Muka wuce mai faci, gilashi yana rufe. Muka wuce masu jiran mota, yana rufe. Motar ta yi sanyi har cikin gari, yadda na yi shekara biyu ina fata, ni kuwa hankalina ya tashi.

Na waiga. Idonsa biyu, yana kallon mutane. Hannunsa yana kan hannun gilashin, ya riƙe shi, amma ya kasa murzawa.

Na gangara gefen titi na tsaya. Na miƙa hannu ta gabansa na murza gilashin har ƙasa, zafi ya cika motar, na kashe iyakwandishan ɗin. Wani mai sayar da goro ya hango shi ya taso yana yi masa barka da zuwa. Bakin Baba ya motsa, murya ba ta fito sosai ba, sai na amsa a madadinsa, na tambayi iyali, na tambayi gona.

Da na ja motar, ya ce da ni a hankali, "Rage gudu." Na rage. Wannan ce Juma'arsa ta ƙarshe a Gwandu, kuma mun kusa rasa salla don yawan tsayawa.