Vukota Lalevic, Mai Sanar da Mamatan Dolova

Haihuwa da Asali

An haifi Vukota Lalevic a cikin shekara ta 1951, a garin Dolova da ke tsakanin duwatsun arewacin Montenegro, a zamanin da ƙasar take cikin tarayyar Yugoslaviya. Mahaifinsa shi ne Radosav Lalevic, mai saran itace a dajin gwamnati, mahaifiyarsa kuwa Stanka, wadda ta yi suna a duk faɗin yankin wajen kukan makoki. Ita ake aika wa idan an yi rasuwa, ta tsaya a kan gawa da baƙin ɗankwali, ta jero sunan mamaci da na ubansa da na kakansa, har sai mazan da ke taƙama da taurin zuciya sun juya baya suna share hanci. Vukota ya tashi yana bin ta gidajen makoki, kuma tun kafin ya iya rubuta sunansa ya haddace nasabar kowane gida a Dolova da ƙauyukan da ke samanta, na Kirista da na Musulmi.

Karatu da Farkon Aiki

A shekarar 1958 aka sanya shi makarantar firamare ta garin, daga nan ya wuce makarantar koyon sana'ar katako, inda ya kammala a 1970 bayan malamai sun sha haƙuri da shi. Zancen lissafi kam, a bar shi kawai. Amma Allah Ya hore masa murya mai kauri da natsuwa, irin wadda idan ta ce a zauna, sai mutum ya ga ya zauna bai shirya ba. Bayan ya yi aikin soja na wajibi ya dawo gida a 1972, aka ɗauke shi a masana'antar katako ta Dolova. Da shugabanni suka lura hannunsa da zarto ba sa shiri, sai suka mayar da shi ɗakin lasifika, yana sanar da canjin ma'aikata da sunayen waɗanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1976 ya auri Zagorka, 'yar gidan Krgovic, mai sana'ar ɗinki, mace mai kaifin harshe da taushin hannu. Sun haifi Dragica a 1978, Miljan a 1981, sai auta Senka a 1986.

Da Miljan ya shekara, Vukota ya kira abokinsa na ƙuruciya, Hajro mai aski, wanda Musulmi ne, ya yanke wa yaron gashin farko. A al'adar Dolova, wanda ya yi wa ɗanka askin farko ya zama kum ɗinka, kuna kiran juna "kume", kuma zumunci ne da ya fi na jini nauyi. Ba a faɗa tsakanin gidajen biyu, kuma idan mutuwa ta shiga ɗaya, kum ake fara sanarwa, baki da baki, shi ne kuma yake kama gaban akwatin gawa.

Aikinsa a Gidan Talabijin

An rufe masana'antar katako a 1993, a cikin shekarun yaƙi da tsadar rayuwa, Vukota ya zauna babu aiki har 1995, lokacin da hukumar gari ta buɗe 'yar ƙaramar tashar talabijin a saman tsohon gidan silima. Tasha ce ta talakawa: kyamara ɗaya, labule ɗaya, da murhun da yake hayaƙi fiye da zafi. Aka ba shi sanarwar rasuwa, aikin da kowa ya ƙi.

Kullum bayan labaran yamma, daidai lokacin da iyali suke kan abinci, sai ya ɗaura baƙin nakatayal a wuyansa, ya dubi kyamara, ya ce, "Maƙwabta, ku ajiye cokali." Kuma ana ajiyewa! Daga gidajen bakin kogi har bukkokin makiyaya a kan dutse, sai gari ya yi tsit. Ba karanta takarda yake yi ba. Yakan faɗi sunan mamaci da laƙabinsa, da gidan da ya fito, da 'yar wa ya aura, da inda za a karɓi gaisuwa, ko a coci za a yi ko a masallaci, yadda mahaifiyarsa take yi amma babu kuka.

A Dolova, ƙin zuwa jana'iza abu ne da ake gorantawa har jikoki. A da akan fake da cewa ba a ji ba, domin takardar rasuwa da ake mannawa a jikin bishiyar dandali ba ta hawa dutse. Da Vukota ya fara aiki sai wannan uzuri ya mutu. Duk wanda ya buɗe baki ya ce bai ji ba, amsa ɗaya yake samu: "Vukota ya faɗa." Ta haka matalauci da ba shi da kowa ya riƙa samun masu rakiya kamar attajiri, kuma wannan ne kaɗai abin da Vukota yake alfahari da shi a duniya.

Kowace Asabar yakan je aski wurin Hajro, su yi ta tsiya.

"Kume, ka cinye rabin garin nan da bakinka," in ji Hajro yana wasa aska. "Ranar da ka tafi, wa zai karanta ka?"

"Ni zan fara karanta ka, kume, kuma sai na lissafa kunnuwan bayin Allah da ka yanka."

"To idan ka riga ni, gaban akwatinka nawa ne. Zan bi da kai ta kowane rami, ka ji a jikinka."

"Da wannan ƙafar taka? Sai dai ni na tashi na ɗauke ka."

Haka suka yi shekaru suna wannan magana, ba ta tsufa.

Shekarun Koma-baya

Daga shekarar 2012 aka fara ja wa gidajen Dolova wayar intanet, kuma cikin ikon Allah, Miljan ɗan Vukota ne ya samu aikin shigar da ita. Matasa suka kwashe zuwa Jamus da Suwizalan neman abinci, waɗanda suka rage kuwa kowa ya rungumi allon wayarsa ko na kwamfutarsa. Uwa tana kallon wasan kwaikwayon Turkiyya a kicin, uba yana maimaita ƙwallon jiya, yara suna ɗaki da abin toshe kunne, kowa da nasa, kowa a lokacin da ya ga dama. Masu shaguna suka janye tallace-tallacensu daga tashar. Aka riƙa sauke eriya daga rufin gidaje ana shanya wanki a kanta.

A cikin kakar 2017 Milosava ta rasu, tsohuwar malamar da ta koya wa rabin garin karatu. Vukota ya sanar da rasuwarta, ya maimaita washegari, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Amma mutanen da suka bi gawarta ba su cika benci biyu na coci ba. Ran Vukota ya ɓaci ƙwarai, ya tare wani mahauci da ta koyar, a bakin shagonsa.

"Kai, mara kunya! Matar da ta share maka majina, ba ka iya rufe shago ka raka ta ba?"

"Kawu, na rantse da 'ya'yana ban ji ba. Mu a gida ba ma kama tashar nan yanzu, yara sun cire eriyar tun bara."

Vukota ya dubi idonsa yana neman ƙarya, bai samu ba. Da ƙarya ya gani da ya zage shi ya huce. Gaskiyar ce ta tsorata shi, ya koma gida, ya tarar da Miljan yana cin abinci.

"Kai ka shigar wa mahaucin nan da wayar?"

"Baba, aikina ne fa. Mutane suna son su kalli abin da suke so, lokacin da suke so."

"To gawa fa? Ita ma ta jira sai lokacin da suke so?"

Sai Zagorka ta ce su bar mata kwanonta lafiya, kowa ya ci ya tashi.

Rufe Tasha

A shekarar 2021 majalisar gari ta zartar da cewa ba za ta ci gaba da ɗaukar nauyin tashar da babu mai kallo ba. Vukota ya sa rigarsa ta biki ya je gabansu, ya yi magana mai tsawo, suka saurare shi cikin ladabi, wasu suna duba waya a ƙarƙashin tebur. Wani matashin jami'i ya ce masa, "Kawu, kada ka damu, za mu riƙa sa sanarwar a intanet, duk mai so ya shiga ya gani."

"Ɗana, wa yake son ya ga mutuwa?" in ji Vukota. "Ba a neman ta. Kawo wa mutum ake yi yana tsakiyar cin abinci."

Aka gode masa, aka ba shi takardar yabo, aka rufe tashar a ƙarshen watan Yuni. A ranar ƙarshe babu wanda ya rasu a Dolova. Duk da haka ya ɗaura nakatayal ɗinsa, ya dubi kyamara, ya ce, "Maƙwabta, yau ba mu rasa kowa ba, ku ci abincinku. Daga gobe kowa ya riƙa leƙa maƙwabcinsa." Zagorka ta kalla a gida, Hajro ya kalla a shago, ban da su ba a san wani ba.

Shekarunsa na Ƙarshe

Bayan haka ya koma bin shagunan gahawa da ƙafa, yana faɗa wa mutane wanda ya rasu. Dattawa sukan miƙe su cire hula, yaran zamani kuwa suka laƙaba masa mujiya, idan ya shigo su tura juna da gwiwar hannu. Ya ji, ya haɗiye. A 2022 Zagorka ta rasu, ya bi gida gida da kansa yana buga ƙofa, aka tara mata jama'a daidai gwargwado, Hajro ya kama gaban akwati. Wannan tafiya ce ta kashe masa gwiwoyi, bai sake fita da kyau ba.

A 2023 hannun Hajro ya fara rawa, ya rufe shago, ya koma wurin 'yarsa a wani ƙauye can saman dutse, inda ba a saukowa da hunturu sai da dalili. Shi da wayar zamani kuwa ko gaisuwa ba sa yi. Da ciwo ya kwantar da Vukota a ƙarshen wannan shekara, ya kama hannun Miljan ya ce, "Idan abin ya zo, ka ɗauki motar aikinka ka hau da kanka ka gaya wa kum ɗinka. Da bakinka, ka ji?"

"Na ji, Baba. Kada ka sa wa ranka wannan."

Rasuwarsa da Jana'iza

Vukota Lalevic ya rasu a gidansa a cikin watan Janairu na 2024, yana da shekara saba'in da biyu a duniya, bayan doguwar jinya ta ciwon zuciya. Nan take Miljan ya sa hotonsa a intanet da lokacin jana'iza. Wayarsa ta yi ta kaɗawa, alamun fuska mai hawaye suka yi ta zuba daga Jamus da Suwizalan da inda ba a sani ba. A cikin masu latsawa har da wata jikar Hajro da ke zaune a Jamus. Da Miljan ya ga sunanta, ga hidima ta yi masa yawa, ga ƙanƙara a hanya, sai ya ce a ransa ai gidan kum sun ji. Bai hau dutsen ba. Ita kuwa yarinyar ta latsa ne a cikin motar haya, ta wuce zuwa hoto na gaba.

Ganin yawan masu juyayi, aka yanka raguna, aka jera tebura a zauren coci kamar duk gari zai zo. Washegari aka fito da gawa, sai ga mutane ƙalilan a tsakar gida, yawancinsu tsofaffin mata. Mutanen gari da dama ba su ga sanarwar ba sai bayan kwanaki, domin waya takan nuna wa mutum abin da ta ga dama ne. Aka jira Hajro, malamin coci yana buga ƙafa saboda sanyi, har aka gaji. Abin takaici, mutumin da bai taɓa bari an binne matalauci shi kaɗai ba, sai da aka roƙi direban motar gawa da mai haƙa kabari suka kama gaban akwatinsa. An binne shi kusa da Zagorka a maƙabartar Dolova. Naman da ya rage aka raba wa maƙwabta a cikin leda, wasu a bakin ƙofa suka fara jin wanda ya mutu.

Waɗanda Ya Bari

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Dragica, ma'aikaciyar jinya a Jamus, Miljan, mai shigar da wayar intanet a Dolova, da Senka, wadda take aure a bakin teku. Ya bar jikoki biyar.

Ya kuma bar kum ɗinsa, Hajro mai aski, wanda ya sauko daga dutse bayan ƙanƙara ta narke, da ƙunshin cuku a hammata, ya nufi gidan Vukota yana shirya tsiyar da zai yi masa. A jikin ƙofa ya ga takardar rasuwa, ruwa ya riga ya wanke rabin hoton. Miljan ya fito ya fara bayani, tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ni na aske ka."

Ya taka zuwa maƙabarta shi kaɗai, ya ajiye cukun a kan kabarin, ya dafa wajen kai, ya ce, "Kume, ban ji ba. Wallahi ban ji ba."