Wai an ɗebi sawun Baba

Shekaranjiya na tarar da Baba a ƙofar gida da tsintsiya, yana share sawun ƙafarsa don kada wani ya ɗiba.

Wata uku ke nan dunduniyarsa tana ciwo. Takun farko da safe kamar ya taka ƙusa. Ya rantse Malam Sule, maƙwabcinmu na gona da suke rigimar iyaka, shi ya ɗebi ƙasar sawunsa ya kai wa boka. Ni ma na fara zargi, don bayan rigimar ciwon ya soma.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti a Dawakin Tofa. Malamar asibitin ta ɗaga silifas ɗinsa, bayansa duk ya cinye.

"Baba, jijiyar tafin ƙafarka ce ta gaji. Doguwar tafiya da tsayuwa a wannan takalmin, ga shekaru, ga nauyin jiki."

Baba ya ce, "To shi Sule ai ya girme ni, kuma lafiyarsa ƙalau!"

Muna fitowa sai ga Malam Sule a kan benci, yana matsa dunduniyarsa.

Baba ya raɗa mini, "Ka gani? Abin ya koma kansa."

Jama'a, ta ina zan ɓullo wa dattijon nan?