Dashen Mangwaro a Filin Aro

Kafin in fara ina neman afuwa. Littafin da nake rubutu a ciki ya jiƙe a hanya, shafi uku sun manne, don haka wasu abubuwan da ka nake faɗinsu, kan nawa kuwa ba abin dogara ba ne sosai.

Mun tashi daga Sakkwato da asubar Juma'a, mu uku, a bayan wata motar kaya. Dattawanmu ne suka aike mu mu gaishe da ƙaramar ikkilisiyarmu da ke wani ƙauye kusa da Kalgo, irin tamu ta masu addu'a cikin Ruhu Mai Tsarki. Ni aka ɗora wa rubuta tarihinta, wai don bara na gama kwalejin horon malamai. Tsarabarmu dashen mangwaro ne guda biyu a gwangwanin kananzir. Shawarata ce, kuma tun daga tasha na rungume su kamar jarirai.

Kafin Tambawal aka yi ruwa, aka sa shinge aka tsare motoci sai hanya ta sha iska. A nan muka sha fura da nono na kwabo biyu, ko uku, ban tabbata ba. Mun shiga Gwandu da la'asar. Gari ne mai natsuwa, kusan kowane zaure ka wuce za ka ji karatu. Wani kafinta ɗan'uwanmu ya sauke mu, matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da ya sa ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya ce a bar shi nan, a rubuta tarihin ba da shi ba. Kashegari muka bi ta Kambaza, manoma duk sun fita shukar gero. A Kalgo muka sayi busasshen kifi na sisi, wanda a Sakkwato ko da sule ba za a ba ka shi ba, sannan muka ƙarasa da ƙafa.

Majami'ar rumfa ce ta zana da jinka, a gefen wata gona. Dattijon ikkilisiyar, tsoho mutumin ƙasar Zuru, ya ba ni labarinta. Su uku ne aikin hanya ya kawo su, aiki ya ƙare suka zauna noman shinkafa a fadama. Da fari a ɗakinsa suke addu'a. Da matansu suka iso, wasu baƙi kuma suka ji waƙa suka biyo, ɗaki ya kasa. Sai wani manomi Musulmi, wanda dattijon ya taɓa taya shi fitar da shanunsa daga ambaliya, ya ara musu wannan gefen gonar. Shekara bakwai ke nan in ji dattijon, matarsa kuma ta ce takwas. Ran Lahadi na ga rumfar ta cika, mata na zaune a waje cikin rana, ana tafi ana waƙa da Hausa da harshensu. Ba na jin na taɓa alfahari da mutanenmu kamar ranar.

Da aka tashi, ban shawarci kowa ba na ari fartanya na dasa mangwaro ɗaya a bakin rumfar. Ina cikin ba shi ruwa dattijon ya iso ya tsaya a kaina.

"Malam, da izinin wa?"

Na ce ai tsaraba ce.

"A kwalejin ba a gaya muku ba a dasa itace a filin aro? Gero ka shuka ka girbe ka tafi. Itace kuwa cewa ka yi filin naka ne."

Ashe shi ya sa shekarun nan duka ko ginin ƙasa ba su yi ba. 'Ya'yan mai gonar ma sun daɗe suna cewa wata rana baƙin nan za su riƙe wurin. Ga shi na ba su hujja da hannuna, kuma ɗayansu ya gani ya wuce gida da sauri. An aiko ni rubuta tarihin majami'a, ina shirin zama ƙarshensa.

Ba mu jira mai gonar ya aiko ba, muka je muka durƙusa a ƙofar gidansa. Na ce, "Baba, laifina ne, su ba su sani ba." Ya dube ni, sannan ya ɗauki sandarsa muka bi shi har bakin rumfar, 'ya'yansa biyu na biye.

"Kai ɗan boko, tumɓuke shi."

Na tumɓuke na miƙa masa. Ya karɓa ya juya shi ya duba saiwar, ya ce ko ramin ban iya ginawa ba. Ya durƙusa da kyar, ya ƙara zurfin ramin, ya yi bisimilla ya mai da dashen da hannunsa. Sai ya juya wajen 'ya'yansa, ya ce da irin Hausarsu ta can:

"Kun dai ga wanda ya dasa. Icce nau na, inuwa tasu ta. Kada in ji wata magana bayan raina." Ya dubi dattijon kuma. "Kai kuma, matanga da ka bari cikin rana, ƙara musu rumfa ta gabas."

Dashe na biyu muka kai masa gida. Ya ce wannan ma shi zai dasa, bai yarda da aikina ba.

Mun dawo Sakkwato ran Talata, hanya busasshiya. Abin da na koyo, in ban yi kuskure ba, shi ne ikkilisiyar nan ta girma ne da addu'a da kuma sanin haƙƙin maƙwabci, wanda tsofaffin da ba su shiga aji ba suka kiyaye shekara da shekaru, ni kuwa na kusa rushe shi cikin rabin sa'a. Har ran da muka taso ana saran itacen ƙarin rumfar.

Waɗanda suka ga farkon majami'ar nan da idonsu, ko suka tsaya a wurin ranar Lahadin, in sun ga inda na kauce, ina roƙo su aiko mini da gyara ta hannun dattawa. Musamman batun shekarun, don har yanzu ban san wanda zan bi ba tsakanin dattijon da matarsa.